Saƙon Godiya Bayan Miƙa Ragamar Ƙungiyar Malaman Kiɗa da Waƙa

Alhamdu lillahi, an kammala horon masu gadon shugabannin ƙungiya, an miƙa musu ragama lafiya. Duk wanda ya bi lamarin tun ranar da ciwo ya kwantar da tsohon sakatarenmu ya san irin tsaka mai wuyar da muka shiga, ba sai an maimaita ba. Jiki ya yi laushi, muryoyi sun dushe, amma yau hankali a kwance yake.

Malama Ma'aji, kin ce kada a ambace ki, ki yi mana haƙuri. Wata 6 kika zaunar da mataimakiyarki a gefenki. Kika fara ba ta rubutun rasit, sannan kika sa ta riƙa gwada littafin shiga da fita da takardar banki a ƙarshen kowane wata. Ke kika nuna mata inda lissafi ya fi ɓacewa: kuɗin wata da ake karɓa a hannu wajen gwajin waƙa ba tare da rasit ba, da ladan da banki ke cirewa a manta ba a shigar ba. Ke ce kuma kika matsa a fara sauya masu sa hannu tun kafin ranar miƙa ragama, domin banki zai nemi ƙudurin taro a rubuce da katin shaidar sababbin, in tsofaffi suka riga suka watse sai asusu ya tsaya cik. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya albarkaci zuri'arki.

Mai kula da kayan kiɗa, mun gode. Yanzu kowace jita da ganga da sarewa tana da lamba, an rubuta lafiyarta, da wanda ya ara, da ranar dawowa. Ka kuma koya wa magajinka cewa piyano in an ɗauke shi zuwa wani ɗaki, sai ya huta kamar mako 2 kafin a gyara masa sauti, in ba haka ba aikin ya koma baya.

Amma abin da ba zai fita daga zukatanmu ba shi ne babban taro. Ranar ce mataimakiyar shugaba ta fara jan ragamar zama, kuma ranar ce maganar ƙarin kuɗin wata ta taso. Hayaniya ta kaure, wasu na cewa a kaɗa ƙuri'a nan take, wasu sun miƙe za su fita. Takardar ajanda na rawa a hannunta. Wallahi mun ɗauka nan komai zai wargaje. Baba Shugaba yana zaune, makirufo na gabansa, kalma ɗaya tasa ta isa ta kashe wutar. Bai taɓa shi ba. Sai ya yagi takarda ya yi ɗan rubutu, ya tura mata ta ƙarƙashin tebur. Ta karanta, ta sa aka ƙirga mahalarta, ta buɗe tsarin mulkin ƙungiya ta karanto sashen da ya faɗi adadin da sai ya cika ake yanke shawara. Bai cika ba. Ta ɗage ƙuri'a, ta sa aka rubuta ra'ayin kowane ɓangare a bayanin taro, mutane suka koma kujerunsu. Da Baba ya karɓe maganar a ranar, da har gobe wurinsa mambobi za su riƙa kai ƙara, ita kuwa a bar ta da suna kawai.

Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya tashi kafaɗun tsohon sakatarenmu, ya sa kaffara ne. Sababbin shugabanni, Allah ya taya ku riƙo, ya haɗa ku da mashawarta na gari, ya raba ku da son zuciya. Amin summa amin.

'Yan uwanmu na rassan da suka yi alkawarin turo mutum bibbiyu, kujerunku sun yini babu kowa, kuma ko saƙon uzuri bai iso ba. Ba mu riƙe ku a zuci ba, amma mun ji abin. Kwafin takardun horon na wurin sabon sakatare, ku turo sunayen waɗanda za su shiga zagaye na gaba kafin zaman kwamiti mai zuwa.