Miƙo mini cokali uku

'Yar farina ce, saboda haka a yi mini uzuri, ba zan kira sunanta ba. Tana da shekara uku da rabi muka yanke shawara ni da babanta cewa ba za ta shiga nazare ba sai baɗi. Akwai batun kuɗin makaranta, akwai kuma sanyin Jos. Duk wanda ya taɓa tashin yaro ƙarfe shida na safe a watan Disamba a Anguwar Rogo ya san abin da nake faɗa, ga ta da yawan mura. Na ce to, bana ni ce malamarta.

Na shiga kasuwar Taminus na sayo babbar takardar nan mai haruffa da hotuna da ake liƙawa a bango, da fensir, da littafin rubutu. Kullum da hantsi sai in zaunar da ita mu yi ta rera haruffan Turanci, mu ƙirga daga 1 zuwa 20. Wata guda bai cika ba ta haddace su tsaf. In an yi baƙi sai in ce ta karanta musu, a yi ta cewa tubarkalla, ni kuwa daɗi ya cika ni.

Ran nan ina zuba abinci na ce mata, "Miƙo mini cokali uku." Ta kwaso guda shida. Na maimaita da Turanci, ko da shi ta fi ganewa. Ta tsaya tana kallona. Sai na jera cokula biyar a kan tabarma na ce ta ƙirga. Yatsarta na tafiyarta daban, bakinta na gudunsa daban, kafin ta kai cokali na ƙarshe ta ce tara. Jikina ya yi sanyi. Ashe waƙa na koya mata. Ta san biyar na bin huɗu kamar yadda baiti ke bin baiti, amma ba ta san kowace lamba tana da abin da take tsaya wa ba.

Daga ranar na ajiye 20 ɗin nan, muka koma uku, kuma da Hausa. Doka ɗaya ce: taɓa ki faɗa. Ta ɗauki abu, ta matsar da shi gefe, sannan ta kira lambarsa. In ta gama sai in tambaye ta, "To, guda nawa ke nan?" Wannan tambayar ta fi komai ba ta wuya. Mako biyu duk lokacin da na yi ta sai ta sake ƙirgawa daga farko, don ba ta gane cewa lambar da ta tsaya a kai ita ce jimlar ba. Ranar da ta ɗago kai ta ce "Uku ne mana, Umma," ba tare da ta koma baya ba, na san mun taka wani matsayi. Sai muka ƙara huɗu, muka ƙara biyar. Goma sai da ta ci mana kusan wata huɗu.

Da wake muka fara, kuma ina roƙon kowace uwa kada ta yi haka. Na juya baya kaɗan ƙanenta mai rarrafe ya cusa ƙwaya ɗaya a hanci, sai da muka dangana da asibiti aka ciro. Tun daga nan dankalin Turawa muke ƙirgawa, abin da ba ya yankewa a gidan mutumin Filato, ko kofuna, ko takalman da ke bakin ƙofa.

Launuka kuwa kasuwar Farin Gada ce ta koya mata su. Na fara tafiya da ita sayen kayan miya, in mun dawo in baje su a tire in ce ta ware mini jajaye gefe, koraye gefe. Tumatir da tattasai wuri ɗaya, kabeji da koren wake wuri ɗaya. Na lura tana iya warewa daidai tun kafin ta riƙe sunan launin, don haka na daina matsa mata da "wannan wane launi ne?" Sai in riƙa faɗa cikin hira: ɗauko jar hularki, ga farar buta can. A haka har ta kama cewa jan kofi ake cewa, amma jar hula, ba tare da na yi mata bayanin namiji da mace ba. Da muka zo kan karas na ce mata ruwan goro ne, ta juya shi ta ce, "Umma, ina ruwan?" Sai da kakarta ta tauna goro ta nuna mata harshe. Ruwan toka muka je murhu, ruwan ƙasa muka fita tsakar gida, ruwan ɗorawa kuwa sai da na sa aka nemo mini garin ɗorawa, domin ba ta taɓa gani ba. A nan na ƙara ganin kyan sunayen launukanmu, kowanne yana da abin da za ka ɗora a tafin hannun yaro. Shuɗi ne ya daɗe yana ruɗa ta da kore, har ranar wanki da ta ga na jiƙa shuni na tsoma fararen kayan babanta.

Takardar bangon nan na cire ta. Hotunanta na kalmomin Turanci ne. Har da wani ɗakin ƙanƙara da ni kaina ban taɓa gani ba, ga haruffa irin su q da x da v waɗanda Hausa ba ta da su, babu kuma ɓ, ɗ da ƙ. Fensirin ma na ɓoye, don yatsunta ba su yi ƙwarin riƙe shi ba, kullum da kuka ake tashi. Na zuba yashi a faranti ta riƙa zana harafi da yatsa, wani lokaci da gawayi a kan siminti. Kakarta ce ta tuna mini cewa a makarantar allo babbaƙu ake fara yi kafin farfaru, harafi tukuna sannan wasali. Haka muka bi: b, sai ba, be, bi, bo, bu. Hausa tana da sauƙi a nan, yadda ka furta haka za ka rubuta. Kalmarta ta farko baba, ta biyu kaka. Don ta ji amfanin ƙugiya na rubuta mata baki da baƙi, ta nuna bakinta, ta nuna gawayin.

Ba mu taɓa wuce minti goma sha biyar ba. In ta fara kallon ƙofa sai in sallame ta, ko da minti biyar muka yi. Ranar da ba ta so, ba a yi.

Yanzu ta cika huɗu da wata bakwai. Tana karanta 20 da 50 a jikin kuɗi, ta san koriyar takarda mai hoton Murtala ita ce naira ashirin. Amma har yau tana juya b da d, tana musanya 6 da 9, kuma tun da ta fara Islamiyya wani lokaci sai ta faro rubutun boko daga dama. Na sa mata ɗigon jan alli a kusurwar hagu ta allonta, na ce daga nan boko yake tashi. A watan Satumba za ta shiga aji, ɗinkin kayan makarantarta ma yana wurin tela.