Ka fara da ƙaramin gem, ka gama shi tukuna

Ranar Alhamis da daddare muna gidan yayata a Shara Mansur, a nan Makka, muna shan shayi, ɗanta mai shekara 15 ya matso da jawwal, wato wayar salula, a hannu ya ce "Kawu, wace manhaja zan sauke, so nake in haɗa gem irin PUBG amma a lungunan Makka." Na fahimce shi sosai don nima haka na fara, da babban buri, na kwashe kusan wata huɗu ina kallon bidiyon koyarwa bayan na tashi daga shago, mutum ya danna nan in danna, ya rubuta abu in kwafa, ranar da na rufe bidiyon na ce bari in yi nawa sai na tarar ko sa mutum-mutumi ya yi tsalle ban iya ba. Abin ya min ciwo wallahi, kuma ba na so yaron nan ya bi ta nan.

Yaranmu ba su da laifi da suke wannan mafarkin. Ƙasar nan ta Saudiyya ta zuba kuɗi a harkar gem, a 2023 kamfanin Savvy na Saudiyya ya sayi Scopely, kamfanin gem na Amurka, dala biliyan 4.9, a 2024 aka fara gasar buga gem ta duniya, Esports World Cup, a Riyad, ko ina suka juya maganar ke nan. To amma irin su PUBG da Fortnite ɗaruruwan ma'aikata ne a kansu shekara da shekaru, ba aikin yaro ɗaya ba ne da tsohuwar laftof.

Abin da na ce masa shi ne zaɓen manhaja ba shi ne babbar magana ba, kar ya ɓata sati yana tambayar wacce ta fi. Wanda bai taɓa rubuta kod ba ya fara da Scratch, jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da ita tun 2007, kyauta ce, akwai Larabci a ciki, umarni kake jawowa kana jerawa kamar bulo. Ko GDevelop, ita ma ba sai ka rubuta kod ba, sharaɗi ne da sakamako, ya'ani idan kaza ya faru a yi kaza. Ni dai Godot na riƙe, wasu 'yan Ajantina biyu ne suka ƙirƙire ta, aka sake ta kyauta a 2014, ba ta da nauyi wajen saukewa, laftof mai rauni ma tana ɗauka, har a Android ana buɗe ta, yarenta na rubuta kod, GDScript, kuma ya yi kama da sanannen yaren kod ɗin nan Python. Manyan manhajojin haɗa gem irin su Unity da Unreal suna nan ba inda za su je, in hannu ya faɗa ka same su.

Gem ɗina na farko da na gama, dabino ne ke faɗowa daga sama kai kuma kana tarewa da kwando, shi ke nan. Amma a wannan ɗan abin na gane yadda duk wani gem ke aiki. Kwamfuta tana sake zana allo kusan sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma a kowane zagaye tambayoyi take yi, an danna maɓalli? in an danna a matsar da kwando, dabino ya ƙara saukowa kaɗan, ya taɓa kwandon? in ya taɓa a ƙara maki ɗaya a goge shi, ya faɗi ƙasa? a rage rai. Motsi, karo, ƙirga maki, faɗuwa da sake farawa, Pong na 1972 da su aka gina shi, Flappy Bird da wani ɗan Biyetnam ya yi shi kaɗai a 2013 ma su ne. Ranar da wannan zagayen ya zauna maka a kai, duk manhajar da ka buɗe sunayen maɓallai ne kawai suka canza.

Bidiyo kuwa ban ce a daina kallo ba, yadda ake kallon ne. Ka kalli minti 10, ka rufe, ka sake yi da ka, in ka maƙale ka koma. Sannan ka ɓata abin da gangan, lambar gudu da aka sa 200 ka mayar 800 ka ga me zai faru, ka cire layi ɗaya ka karanta jan rubutun da zai fito, don wannan jan rubutun lambar layin da matsalar take yake gaya maka, yawancin masu koyo suna ganinsa suke rufe laftof. Kuma don Allah kar zane ya tsayar da kai, akwati mai kusurwa huɗu ya isa ya zama jarumi, in kana son hotuna akwai na shafin intanet na Kenney kyauta.

In ka gama ka miƙa wa ƙanwarka ta buga, kar ka yi mata bayani, ka zuba ido kawai, inda ta rikice nan ne gyaranka. Daga nan ka ɗora a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke ɗora nasu, ko ka shiga Global Game Jam da ake yi duk watan Janairu, inda ake haɗa gem cikin awa 48. Ni yanzu dara nake ƙoƙarin haɗawa, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma koya wa kwamfuta ta gane an jera uku ya ci min dare biyar, amma ina so yaran da aka haifa a nan waɗanda ba su taɓa ganin an haƙa ramin dara a ƙasa ba su san ta.

Jiya yaron ya turo min bidiyo a WhatsApp, ya yi nasa a Scratch, mai sayar da balila, wani dafaffen wake da ake sayarwa a kofi, shi ne ke tare kofuna, sai dai kofin na ratsa tiren ya wuce ba ya tsayawa. Na fara rubuta masa inda matsalar take sai ga saƙonsa, "Kawu kar ka faɗa min, ka ba ni zuwa Asabar."