Ranar da aka ce in yi magana a kan Maigida

'Yarsa ta fari ce ta kira ni, kwana biyu bayan rasuwarsa. Ta ce ranar Asabar za a yi taron tunawa da shi a zauren garinsu, kuma cikin abokan aikinsa ni suka zaɓa in tashi in yi magana. Na ce to, na ajiye waya, sai gabana ya faɗi. Mu a gida in an je gaisuwar mutuwa, a zauna a tabarma, a yi addu'a, a ce ya haƙuri, a tashi. Ban taɓa tsayawa gaban jama'a ina ba da labarin mamaci ba, balle da Turanci.

Direban tirela ne, Bature, haifaffen wani ƙaramin gari a kudancin lardin Saskacewan na Kanada, jikan mutanen Yukiren da noma ya kawo su. A 2019 na shiga hannunsa. Kafin nan, ranar 6 ga Afrilu 2018, wata tirela ta ƙi tsayawa a mahaɗa, bas ɗin 'yan wasan Humboldt Broncos, wata ƙungiyar matasa masu wasan hoki na kan ƙanƙara a lardin, ya yi karo da ita, mutum 16 suka mutu. Daga nan lardin ya wajabta wa mai neman lasisin babbar mota horon awa 121.5. Na yi nawa na samu lasisi, amma aka ce sai na bi wani tsohon hannu wata uku kafin a sakar min mota. Da gemuna na koma yaron mota, shi ya sa nake ce masa Maigida. Ranar da na fassara masa sunan, nan take ya kira matarsa ya yi mata albishir. Ta ce ya riƙe sarautarsa a cikin mota, kada ta biyo shi gida.

Daren farko na cika shafi uku: shekarun da ya yi a kan sitiyari, yadda bai taɓa kifar da kaya ba, yadda ba ya makara. Na karanta wa matata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baban Hajiya, wannan ai takardar neman ƙarin girma ce. Ina mutumin da kake dawowa gida kana dariyarsa kai kaɗai?"

Na ji haushi, amma ranar Alhamis da na je gidansu gaisuwa sai 'yar tasa ta ƙarasa min magana. Ta ce su babansu na Asabar da Lahadi suka sani. Sauran kwana biyar ɗin murya ce a waya. Wannan mutumin na kan hanya suke so in kawo musu. Na koma na yaga shafukan nan.

Wanda bai ga yankin nan ba, da wuya ya gane abin da ke sa direba ya zama mai barkwanci. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, alkama da kanola iyakar ganinka, sai rumbunan hatsi jefi-jefi a bakin layin dogo. Daga Rijaina, babban birnin lardin, zuwa birnin Winifeg kusan kilomita 570 ne, kuma doka ta yarda ka yi tuƙi har awa 13 a rana. Mu tirela mai jela biyu muke ja, wadda in an cika ta nauyinta kan kai kilo 63,500. Da irin wannan kaya a bayanka, gyangyaɗi na ƙiftawar ido ya isa. Shi da surutu yake yaƙar barci. Tsohuwar zolayar mutanen lardin, wai in karenka ya gudu za ka kwana uku kana hangensa, ya ba ni ita ya fi sau ashirin, kuma kowane karo shi yake riga ni dariya.

Labari biyu na zaɓa. Na farko wani dare ne a watan Janairu, bayan na samu motata, muna tafe a jere yamma da garin Swift Current. Sanyi ya kusa digiri 40 ƙasa da sifiri, man gas ɗina ya daskare, injin ya mutu. Ya ja gefe, ya tako cikin iska ya canja min matatar mai, yatsunsa sun yi fari fat. Muna jiran maganin da ya zuba ya narkar da man, ya ja ni cikin motarsa ya ƙure kiɗan kakanninsa, ya ce ba zai bar Bahaushe ya mutu a lardinsu bai iya rawar folka ba. Ƙato da ƙato muna tsalle a bayan kujera.

Na biyu na yi ta jinjina shi kafin in yarda in faɗa. Duk inda muka tsaya na shimfiɗa darduma a gefen taya, sai ya tsaya kusa da ni da kofin kofi na shagon Tim Hortons a hannu. Wata rana wani direba ya tsaya yana ƙare min kallo, sai Maigida ya ce masa, "Wuce abinka, da babban ofis yake magana."

Ranar Asabar tireloli suka yi jerin gwano suka ratsa garin suna danna hon. Zaure ya cika, da yawa sanye da koriyar rigar Roughriders, ƙungiyar ƙwallon lardin da yake mutuwar so. Na tashi ƙafata na rawa. Na yi kuskure tun farko, na buɗe da doguwar gaisuwa irin tamu, ina bin 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, har na ga an fara gyara zama. Sai na tsallake na faɗa labarin rawar folka. Zauren ya fashe da dariya. Dariya a wurin makoki, raina ya so ya ƙi, don ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Amma na dubi matarsa, tana dariya hawaye na zuba, tana buga tebur.

Na bar abu ɗaya zuwa ƙarshe, shi ma sai da na nemi izininta. Kullum da dare in ya gama waya da gida, yakan ciro wani ɗan littafi daga aljihun ƙofar mota ya rubuta abin da kowa ya gaya masa: wa ke da jarrabawa, wa ya yi faɗa da abokinsa. Washegari sai ya duba kafin ya kira. Tun suna ƙanana yake yi, ya ce min tsoro yake ji kada hanya ta sa ya zama baƙo a gidansa. Su kuwa duk tsawon shekarun nan sun ɗauka kaifin ƙwaƙwalwa ne.

Ana cin abinci ɗansa ya same ni. Shi ne mai shiru-shiru a gidan, kuma na san akwai 'yar tsama tsakaninsu saboda wasanninsa da uban bai halarta ba. Bai ce na yi ƙoƙari ba. Ya tambaye ni ko littafin na nan.

Ranar Litinin muka je inda aka ajiye motar. Yana nan a aljihun ƙofa, ƙarƙashin safar hannu. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo min. Layi ɗaya ne, da sunan jikarsa: haƙori na girgiɗi, a tambaya gobe.