Tokar da ke goshina

Jiya Larabar Toka, ranar da muke fara azumi, na shiga layi a cocinmu tun da asuba. Da Fada ya dangwala babban yatsansa ya zana min gicciye a goshi, ya ce, "Ke turɓaya ce, ga turɓaya za ki koma," sai jikina ya yi sanyi. Tokar nan ta ganyen dabinon da muka ɗaga bara ranar Lahadin Dabino ce, har da wanda Baba ya riƙe da hannunsa. Bana kujerarsa babu kowa.

Kwana 40 ne gabanmu zuwa Ista, ban da Lahadi. Barin nama ranar Juma'a bai taɓa yi min wuya ba, wake da manja sun ishe ni. Abin da ya gagare ni shi ne yayana. Wata bakwai ba ma ga maciji saboda gonar gado.

Da na dawo gida, ban ko wanke goshin ba na kira shi. Sai a kira na uku ya ɗauka. Na ce, "Yaya, ka yafe min."

Ya yi shiru, can ya ce mu haɗu gobe wajen addu'ar Hanyar Gicciye.