Kafin ku ciro mitar dashbod

Ƙannena masu koyon gyaran wutar mota, idan aka kawo muku mota allurorin mitarta sun kwanta ko suna rawa, kada hannunku ya fara kai wa sukundireba. Mita ba ta san komai da kanta ba, abin da aka aiko mata ta waya shi take nunawa. Na taɓa ɗora wa lafiyayyar mita laifi, na sa mai mota ya sayo wata, muka ɗaura, allurori suka ci gaba da rawarsu. Ashe wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ce ta yi tsatsa. Kankarewa kawai take so.

Ku fara auna batir. Mota a kashe, lafiyayye yana ba da wajen bolt 12.6, injin na aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In altaneta na wasa da wuta, fitilun gargaɗi za su yi ta kamawa babu dalili. Daga nan sai fiyus, sai soket ɗin bayan mita.

Tambayar da ban iya yi ba ina yaro ita ce: allura ɗaya ce ta lalace ko dukansu? In duka ne, yawanci wuta ce ba ta isowa. In ta mai ce kaɗai, ku leƙa fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin tanki yana auna yawansa. In ta gudu ce, ku nemi sensar giyabos, ko ta ABS (tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki) da ke ƙafafu, gwargwadon ƙirar motar. A motocin da ke da soket ɗin OBD-II, wanda aka wajabta a Amurka tun 1996, ku jona masa na'urar gano matsalar mota ku ɗan zaga da motar. Idan na'ura na ganin gudu amma allura na kwance, to yanzu ne kuke da hujjar zargin mita.

Ko a nan ɗin ma sau da yawa gyara take so. Mitar da ke farfaɗowa in an bubbuga dashbod, dalma ce ta tsage a allonta, a sake narka ta. Wani lokaci kuma ɗan injin lantarkin da ke juya allura ne ya gaji, ciwon da aka san manyan motocin kamfanin General Motors (GM) na 2003 zuwa 2006 da shi. Ku cire kan batir tukuna, kuma ku yi alama a inda kowace allura ke tsayawa kafin ku zare ta. Ni gaggawa ta sa na mayar da su da ka, mai mota ya tsaya a hanya tanki wayam alhali allura na nuna saura.

In canji ya zama dole, ku sani motoci da yawa a cikin mita suke ajiye lissafin kilomita, wasu ƙirar Volkswagen da Audi ma har da tsarin gane makulli. A irin waɗannan, ku ɗaura mitar wata mota ba tare da an daidaita ta da kwamfuta ba, injin zai tashi ya mutu nan take.