Tafiyar da Muka Yi da Ɓera a Mota

Motar ta Baffa ce. Tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi aka kafe ta a bayan gida, kusa da tarin katako da ciyawar da ta yi tsawo, ta shafe watanni ba wanda ya tayar da ita. Da ya yanke shawarar bai wa 'yarsa da ke aure can nesa, ni aka ɗora wa kai ta, shi kuma ya ce ƙafarsa ƙafata, zai je ya ga jikokinsa. Aka sa sabon batir, aka juye baƙin mai, aka duba iskar tayoyi, muka kama hanya da sassafe.

Da fari tafiya lafiya lau. Sai da rana ta ɗaga na kunna esi, fanka ta ɗauki wata irin ƙara, sannan ɓarɓashin takarda da soso suka feso mana a fuska tare da wani wari mai hawa kai.

"Kashe, ɗana, kashe," in ji Baffa, yana toshe hanci da hannun riga. "Wannan warin na san shi. Fitsarin ɓera ne."

Na kashe, muka sauke gilasai, muka ci gaba. Abin da ya tsayar da mu ya zo ne daga baya, a wani wuri da ake gyaran titi, inda motoci suka yi cunkoso ana tafiya taku-taku. Allurar zafin inji ta soma hawa. A buɗaɗɗiyar hanya iskar gudu ke sanyaya lagireto, shi ya sa ba mu ga komai ba tun safe, amma a cunkoso fankar lagireto ce ke wannan aiki, ita kuwa ko motsi ba ta yi. Na gangara gefe na kashe mota. Da na ɗaga bonet sai ga kashin ɓera baƙi-baƙi a kan inji da gefen batir, an yagalgala audugar da ke manne a cikin murfin, wayar da ke zuwa fanka kuwa an gwaigwaye ta har ta rabu biyu. Muna tsaye muna kallo, mai aikin ya fito daga ƙarƙashin kujera, ya bi ta wajen burki da totur, ya shige bayan dashbod. Gabana ya faɗi. Da ina kan gudu ya hau mini ƙafa a daidai wannan wurin, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Bayan inji ya huce muka lallaɓa zuwa gari na gaba, aka nuna mana wani rewaya, dattijo mai natsuwa. Ya gaida Baffa, ya leƙa inji, bai ko yi mamaki ba.

"Alhaji, ai an daɗe ba a hau ta ba, ko?"

"Ta kwan biyu a ajiye, Malam."

"To gida kuka ba shi. Ga duhu, ga shiru, ga ba kyanwar da za ta kai gare shi."

Ya zare akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ya jawo filtar iskar esi, sai ga sheƙa dam a kanta: takardun goge hannu, soson kujera, ɓawon 'ya'yan itace, har da guntun tsumman goge gilashi. Ya ce nan ne wurin da suka fi so, sai akwatin filtar inji, sai ramin safaya taya a but. Ta taya suke hawowa, su bi ta ƙofar da iska ke shiga a gindin gilashin gaba. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, wato kaurin fensir, don haka rufe ƙofofi da gilasai ba ya hana shi komai. Cin waya kuma ba yunwa ba ce kawai. Haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya riƙa gwaigwayar abu yana rage su, kuma bai san bambancin itace da wayar na'urar burki ba. Wayar da aka feƙe wa roba in ta taɓa ƙarfe tana iya tartsatsi, ga busasshiyar sheƙa a kusa, daga nan sai gobara. Macen kuma cikinta kwana 19 zuwa 21 ne, ta zubo 'ya'ya biyar ko shida, ko fiye. Wanda ya ga ɗaya a motar da ta yi watanni a ajiye, kada ya ɗauka shi kaɗai ne.

Da ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ta baya ya ga burbushin abinci da ledojin alewa da yara suka bari tun tuni, sai ya girgiza kai ya ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Yaron shagon ya jawo tiyon iska zai hure sheƙar, na riƙe hannunsa. A nan kam ban yi kara ba, domin waya in ta tsinke ana haɗa ta, amma cutar da ke cikin wannan ƙurar tana kisa. Busasshen kashi da fitsarin ɓera in aka share ko aka hure su, ƙura ce ke tashi mutum ya shaƙa. Ta haka ake kamuwa da cutar ƙwayar da ake kira hantavirus, wadda aka gano nau'inta mai kama huhu a kudu maso yammacin Amurka a 1993, kuma tana kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da ta kama. Zazzaɓin Lassa, da aka gano a 1969, shi ma ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, mai sauƙi ce: a buɗe ƙofofi da bonet da but iska ta ratsa na minti 20, a cire kan batir, a sa safar hannu ta roba, a jiƙa ƙazantar da ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, a bar shi minti 5, sannan a kwashe da takarda a ƙulle a leda. Haka muka yi, muna kaffa-kaffa kada ruwan ya shiga mahaɗar wayoyi. Tsohuwar filta ta bi sheƙa cikin leda, aka sa sabuwa. Dattijon ya haɗa wayar fanka da dalma, ya naɗe ta, sannan ya bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya da tocila, ya sami wata ta fitilar baya da aka soma ci.

Dare ya yi mana a garin, muka nemi masauki. Baffa ya ce a sayo maganin ɓera a zuba a ƙarƙashin kujeru a huta.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, in ya ci ba a gabanmu zai mutu ba. Bayan dashbod zai shige ya ruɓe, sai an kwance rabin mota kafin a ciro shi. In kuma ya fita waje ya mutu, kyanwa ko mujiya ta ci, ita ma ta tafi. Ga jikokinka da za su riƙa wasa a kujerun nan."

Maganar jikokin ce ta sa ya sauko. Muka sayi tarkuna masu ɗamewa, muka ɗana a wajen ajiye ƙafa da cikin but, a jikin bango, domin ɓera gefe-gefe yake bi, ba ya son ratsa fili. Da asuba tarkon da ke ƙarƙashin sitiyari ya kama. Na fesa masa ruwan bilic kafin in ɗauka, na sake ɗana sauran, na cire na wajen direba kafin mu tashi.

Sauran hanyar ba abin da ya faru. Allura ta zauna a tsakiya, fanka na tashi a kan lokaci, Baffa ya yi barcinsa.

Da muka isa, bayan gaishe-gaishe, mijin 'yar Baffa ya nuna mini inda ya tanadar wa motar: wani lungu kusa da kwandon shara da buhunan hatsi. Na roƙe shi ya sauya. Muka kai ta fili mai siminti, nesa da bango da ciyawa. Ya tambaye ni batun man na'a-na'a da kafur da na'urorin nan masu ƙarar da kunnen mutum ba ya ji. Na gaya masa ra'ayina: ƙamshin man yana gushewa da wuri, ƙarar ɓera na sabawa da ita, kafur kuwa mai shiga motar ne zai shaƙi gubarsa. Kamfanin Honda na sayar da wani salatif mai sinadarin yajin barkono da ake naɗe waya da shi, wannan yana taimakawa a inda aka taɓa ci. Amma abin da ya fi duka shi ne a riƙa hawa motar ko da sau ɗaya a mako, kada a bar abinci a ciki, a riƙa ɗaga bonet ana dubawa, tarkunan kuma su ci gaba da kwana a ciki har sai an daina ganin sabon kashi. Washegari muka kai ta gareji aka ɗaura ragar ƙarfe mai ƙananan ido a ƙofar shigar iska, aka kuma sake duba wayoyin burki kafin in miƙa makulli.