Wata uku a Kalighat

Yau sati biyu da dawowata daga Kolkata ta ƙasar Indiya, amma ko ƙamshin sabulun wanki na ji sai zuciyata ta koma can.

Na yi aikin sa kai ne a Nirmal Hriday, gidan da Mother Teresa, Sistar Katolika mai hidimar talakawa, ta buɗe a 1952 a unguwar Kalighat, dab da wurin bautar Kali, abar bautar 'yan Hindu, domin marasa lafiyar da ake tsintowa a bakin titi ba su da kowa. Sistocin ƙungiyarta masu sanya farin sari (zanen matan Indiya) mai ratsin shuɗi su ke riƙe da gidan. Ƙarfe shida na safe mukan yi sujada a babban gidansu, inda kabarinta yake, mu karya da shayi da burodi da ayaba, kowa ya kama hanya. Aikin kuwa wankin zannuwan gado ne da hannu, shanya a saman bene, wanke-wanke, ciyarwa.

Akwai wani dattijo da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Shi Bengali yake ji, ni ko kalma goma ban iya ba. Loma uku ta shinkafa sai ya gaji. Wata rana ya kama hannuna ya ƙi saki, na zauna a bakin gadonsa ina rera masa waƙar cocinmu da Hausa a hankali har barci ya ɗauke shi. Washegari na tarar an sake shimfiɗa gadon.

Na koma wurin wanki ina hawaye. Wata Sista ta dafa kafaɗata, ta miƙo mini bokiti, muka ci gaba tare.

'Yan'uwa, don Allah ku sa shi cikin addu'arku ta daren nan.